Ra'ayin Masu Kallo a Kan Shirye-shiryen Tafiyar Mashahurai Cikin Motar Kwana a Talabijin na Birtaniya

1. Gabatarwa

A cikin shirye-shiryen talabijin na ƙasar Birtaniya akwai wani iri da ya yawaita daga wajen shekarar 2018, wanda a ke ɗauko mashahurin mutum ɗaya ko biyu ko uku, a sa su cikin mota mai gado da murhu da makewayi, a bi su da na'urar ɗaukar hoto suna zaga ƙasa. Masu kallo ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya game da irin wannan shiri ba. Wani ya ce bai taɓa ganin abin da ya kwantar masa da rai kamarsa ba, wani kuwa ya ce yaudara ce tsantsa. Abin lura shi ne, da mai yabon da mai kushen duk da kalma ɗaya su ke kafa hujja, watau gaskiya. Wannan takarda za ta nuna cewa kalmar nan tana da ma'ana uku a bakin masu kallo, kuma saɓaninsu ya taso ne daga matsayin da kowa ya ke zaune a kai sa'ad da ya ke kallo.

2. Sunan abin da asalinsa

Tun da ya ke abin ba shi da zaunannen suna a Hausa, tilas a fara da suna. Turawan Ingila suna kiransa motorhome, suka haɗa kalmar da Hausa ta ara ta mai da ita "mota" da kalmarsu ta gida. In an ce "motar gida", Bahaushe zai ɗauka motar da maigida ke hawa da iyalinsa a ke nufi. In kuma an juya an ce "gidan mota", sai a zaci wurin ajiye mota ne. Saboda haka an zaɓi "motar kwana", bisa ƙirar "ɗakin kwana", domin kwana a cikinta shi ne abin da ya raba ta da sauran motoci. Akwai kuma ɗakin da ba shi da inji, wanda a ke ɗaura shi a bayan mota a ja. Shi ne su ke kira caravan, kalmar da asalinta na Farisanci ne, ma'anarta ta fari kuwa ayari.

Al'adar ta girmi motar kanta. A shekarar 1885 wani likita marubuci, William Gordon Stables, ya hau wani ɗaki mai ƙafa da aka ƙera masa a Bristol, dawaki biyu na ja, ya tashi daga kudancin Ingila har Inverness ta ƙasar Sikotland, don shaƙatawa kawai. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan ɗaki, wadda a 2017 ta ƙara motar kwana a cikin sunanta, ta koma Caravan and Motorhome Club. Ke nan masu wannan sha'awa jama'a ce mai tarihi da ƙa'idoji, ba baƙi ba ne a gaban abin da a ke nuna musu.

Daga cikin shirye-shiryen da suka yi suna, uku sun isa misali. A 2018 tashar ITV ta fara nuna Gordon, Gino and Fred: Road Trip, inda masu dafa abinci biyu, Gordon Ramsay da Gino D'Acampo, tare da Fred Sirieix, gwanin hidimar gidan abinci, suka zaga Italiya da Faransa da Sikotland, kowa ya yi wa 'yan'uwansa jagora a ƙasarsa ta haihuwa. A 2021 tashar Channel 5 ta fito da Motorhoming with Merton and Webster, na Paul Merton da matarsa Suki Webster, dukansu 'yan wasan ban dariya. A wannan shekara kuma tashar ta fara nuna Susan Calman, wadda ta bar aikin lauya ta kama wasan ban dariya, tana yawo cikin ƙaramar motar kwana da ta raɗa wa sunan 'yar wasa Helen Mirren. Ba banza aka yi su a wannan lokaci ba, gama annobar korona ta 2020 da 2021 ta tsare hanyar fita waje, mutane suka koma yin hutu a cikin ƙasarsu.

3. Inda a ke jin ra'ayin masu kallo

Hanyoyin sanin abin da masu kallo ke ciki ba darajarsu ɗaya ba. Hukumar BARB, wadda aka kafa a 1981, tana ƙidaya yawan masu kallo ta wurin zaɓaɓɓun gidaje da aka sa wa na'ura. Amma ƙidaya ba ta faɗin ko mutum ya ji daɗi ko kuwa gyangyaɗi ya ke yi a gaban akwatin. Akwai wasiƙun masu kallo, waɗanda BBC ta buɗe musu fili tun 1961 a shirin Points of View. Akwai ƙara da a ke kaiwa wurin Ofcom, hukumar da ke lura da gidajen watsa labarai tun 2003. Sa'an nan ga abin da mutane ke rubutawa a intanet da mujallun ƙungiyoyinsu. Duk waɗannan na baya aibinsu ɗaya: wanda abu ya ɓata wa rai ƙwarai, ko ya faranta masa ƙwarai, shi ya kan ɗauki alƙalami. Mai tsaka-tsaki, wanda shi ne mafi yawa, ya kan yi shiru.

Masana sun daɗe da gane cewa saƙo ɗaya ba ya isa kunnuwa da ma'ana ɗaya. A 1973 Stuart Hall na Jami'ar Birmingham ya bayyana cewa mai kallo yana iya karɓar abin da aka nufa, ko ya karɓi wani sashe ya gyara wani, ko ya ƙi shi ɗungum. David Morley ya jarraba wannan a littafinsa na 1980, bayan ya nuna shirin Nationwide na BBC ga rukuni 29 na mutane, da manajoji da 'yan ƙungiyar ƙwadago da ɗalibai, ya tarar kowane rukuni da yadda ya fassara shi. A kan wannan tushe za a duba masu kallon motar kwana kashi uku.

4. Gaskiya a wurin mai mota

Kashi na farko su ne waɗanda ke da motar kwana tasu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Shi wannan mai kallo ya san cewa rabin zaman motar kwana aiki ne: cika tankin ruwa, sauya tukunyar gas, jona waya da wutar zango, daidaita motar a kan tudu don kada mai barci ya gangara, yin ribas da doguwar mota a ƙunƙuntar hanya, da kuma abin da ba a son ambata, watau ɗaukar akwatin makewayi a kai inda aka tanada a zubar. Ya san kuma da batun nauyi. A Birtaniya lasin tuƙi na gama-gari bai wuce motar da nauyinta ya kai kilogiram 3,500 ba, sai ga waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997, waɗanda aka yarje musu har 7,500. Su ma in sun kai shekara 70, sai likita ya duba su kafin su riƙe wannan izni. Don haka kowace kujera da tukunya da aka loda lissafi ne.

In irin wannan mutum ya ce shirin ba gaskiya ba ne, nufinsa an ɓoye aikin. Tambayoyinsa sanannu ne. Wa ya zubar da ƙazantar? Da gaske a cikin motar suka kwana, ko kuwa da aka kashe fitilun ɗaukar hoto sai aka wuce da su masauki? Yaya aka yi kullum su ke samun zango mai kyau a bakin teku, alhali shi sai ya nemi wuri tun da watanni? Yana da hujja a nan, domin ba a yin shirin talabijin sai da masu ɗaukar hoto da murya da mai shiryawa, kuma abin da aka ɗauka cikin kwanaki a kan tace shi ya koma ƙasa da sa'a ɗaya. Amma kuma shi ne ya fi kowa murna in ya ga mashahurin ya yi kuskuren da shi ma ya yi a farkon farawa, gama a nan ne ya ke ganin an taɓo abin da ya sani.

5. Gaskiya a wurin mai neman abokin hira

Kashi na biyu, waɗanda ba su da motar kuma ba su da niyyar saye, ba ruwansu da tanki ko lasin. Su mutanen su ke kallo. A 1956 wasu masana biyu na Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka bayyana yadda mai kallo ke ɗaukar wanda ya saba gani a talabijin kamar sanannensa, ko da ya ke shi wancan bai san da zamansa ba. Motar kwana tana ƙarfafa wannan ƙwarai, domin wuri ne matsattse. Mutumin da aka saba gani cikin kwat a ƙarƙashin fitilu, sai ga shi yana neman inda aka ajiye cokali, yana gardama da matarsa a kan ko dama za a bi ko hagu.

A nan ilmin harshe yana da abin faɗa. Yawancin maganar da a ke yi a gaban motar ba ta ɗauke da labari. A 1923 Bronislaw Malinowski ya yi bayanin irin maganar da amfaninta ƙulla zumunci ne kawai, ba sanar da wani abu ba. Gaisuwar Hausa misali ce mai kyau, domin mai tambayar gajiya ya riga ya san za a ce masa babu. Irin wannan magana ce cike da shirin: ga ruwa ya sauko, shayin nan ya yi daɗi, dubi tumakin can. Mai neman ilmin ƙasa ya kan ce an ɓata masa lokaci, mai neman abokin zama kuwa abin da ya zo nema ke nan.

Gaskiya a wurin wannan kashi ita ce hali. Abin da su ke aunawa shi ne ko dariyar daga zuci ta fito, ko faɗan na shiri ne. Shi ya sa ma'aurata kamar Merton da Webster ke da wata dama, tun da zamansu tare ya riga shirin. Shi ya sa kuma shirin mutum uku na ITV, mai yawan ihu da tsokana, ya ke raba masu kallo: wanda ya gaskata abotar ya ga wasa tsakanin aminai, wanda bai gaskata ba ya ga manya suna wasan yara don an biya su.

6. Gaskiya a wurin mai gari

Kashi na uku ba su cika yawa ba, amma maganarsu ta fi nauyi, su ne mazauna wuraren da a ke nunawa. Misali mafi bayyana shi ne arewacin Sikotland. A 2015 aka ƙaddamar da hanyar yawon buɗe ido mai suna North Coast 500, mai tsawon mil 516, wadda ta tashi daga Inverness ta kewayo ta komo. Wurare da yawa a kanta hanyar mota ɗaya ce, sai ɗan fili nan da can inda a ke ratsewa a ba mai zuwa hanya. Baƙi sun kawo ciniki ga masu masauki da kantuna, amma mazauna sun yi ta kuka da cunkoso, da masu kwana a inda bai kamata ba, da zubar da ƙazanta a gefen hanya. Dokar Sikotland ta 2003 ta ba mutane izni su ratsa filaye su kafa tanti bisa sharaɗi, amma wannan izni bai haɗa da mota ba, kuma baƙi da yawa ba su san haka ba.

In mai gari ya ga mota ɗaya tilo a bakin tafki da rana na faɗuwa, ba ya musun cewa wurin yana da kyau, gama ƙofar gidansa ne. Abin da ya ke cewa ƙarya shi ne kaɗaicin. Ya san abin da ke bayan mai ɗaukar hoton, ya kuma san cewa hoton nan gayyata ce ga wasu. Gaskiya a wurinsa ita ce abin da aka bari a waje da hoto. Da wannan a ke haɗa zargin talla, ko da ya ke doka ta yi tanadi: tun Fabrairu 2011 an yarda a sa kayan kamfani cikin wasu shirye-shirye don kuɗi, muddin an nuna alamar harafin P.

7. Abin da wannan ke koyarwa

Kashi ukun nan ba katanga ce tsakaninsu ba. Mutum ɗaya yana iya zama mai mota kuma mai gari, ra'ayinsa ya sauya bisa ga wurin da aka nuna a wannan mako. Amma rarrabewar tana da amfani ga malamin da ke koya wa ɗalibai auna magana. In an kawo masa hukuncin wani a kan shiri, ko littafi, ko wasan kwaikwayo, kafin ya tambaya ko hukuncin daidai ne, ya kamata ya fara da tambaya uku: wane ne mai maganar, me ya zo nema, kuma me ya ke nufi da kalmar da ya yi hukunci da ita? Ana iya ba ɗalibai ra'ayoyi goma a kan shiri ɗaya na gidan rediyo ko talabijin da suka sani, a ce su ja layi ƙarƙashin kalmomin yabo da na kushe, sa'an nan su rarraba su bisa ga abin da kowace kalma ke aunawa. Sau da yawa za su tarar cewa mutum biyu da a ke zaton suna gardama ba a kan abu ɗaya su ke magana ba.