Filafjak na ayaba da ots: abin da ya kamata ku sani kafin ku kunna wuta

Ayabar da ta kwana biyu a ajiye, ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi har yara sun ƙi ta, ita ce ta fi dacewa da wani gashi da mutanen Birtaniya ke kira filafjak. Abin ci ne marar wahala. Hatsin ots ake haɗawa da narkakkiyar bota da sukari, a danne a faranti, a gasa, a yanka gunduwa-gunduwa. Ba a sa fulawa ko ƙwai ko yis, don haka babu zaman jiran ƙulli ya tashi. Wanda ya san kantun riɗi ya riga ya gane tsarinsa: ƙwayoyi ne da zaƙi ya manne su wuri guda, sai dai wannan ya fi taushi, kuma gasa shi ake yi.

Shi ots hatsi ne na ƙasashe masu sanyi da damshi. Kanada da Rasha ne kan gaba wajen nomansa a yau, a Sukotlan kuwa tun zamanin da kununsa ne abin karin kumallo. Mu nan mun fi saninsa cikin gwangwanin Quaker Oats, wanda ake dama wa yara ko marar lafiya. Wannan na gwangwanin ya wadatar, har ma ya fi manyan ƙwayoyi masu kauri riƙe juna, domin ƙananan ɓarzajjun ƙwayoyi sun fi shan mai da danƙo. In da manyan kaɗai aka yi, yana yawan wargajewa a hannu.

Asalin haɗin Turawan Ingila abu huɗu ne: ots, bota, jan sukari, da wani ruwan sukari mai kauri mai launin zinariya, wanda kamfanin Abram Lyle na Landan ya fara zubawa a gwangwani a 1885. Amfanin wannan ruwan sukarin shi ne ba ya saurin komawa ƙanƙarar sukari idan ya huce, shi ya sa gashin ke zama mai danƙo maimakon ya bushe ƙarau. Ba sai an wahala nemansa ba, zuma na yin wannan aikin. Jan sukarin ma mazarƙwaila na maye gurbinsa, a daka ta da kyau kafin a narkar, kuma a ganina ta fi shi ƙamshi.

To, me ayaba ke ƙarawa? Nan ne gaɓar da ya kamata a tsaya a fahimta, domin ita ce ke gyara gashin, ita ce kuma ke ɓata shi in ba a kula ba. Ɗanyar ayaba cike take da sitaci. Yayin da take nuna, sitacin yana rikiɗewa zuwa sukari, namanta yana laushi, ƙamshinta yana ƙaruwa. Saboda haka wadda ta nuna luguf tana kawo zaƙin da zai sa a rage sukari, kuma damammen namanta na manne ƙwayoyin hatsin, sai a rage bota. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ayaba ruwa ne. Wannan ruwan shi ke sa filafjak ɗin ayaba ya fi na asali laushi, kuma shi ke sa ba ya jimirin ajiya. Idan aka yi zari aka zuba ayaba huɗu inda biyu suka isa, abin da zai fito daga wuta dunƙulen taɓo ne mai nauyi, gefe ya ƙone tsakiya ba ta gasu ba. Filanten kuma ba ta cikin wannan lissafi, ayabar ci ake nufi.

Ga awon da ya dace da faranti mai kusurwa huɗu, mai faɗin santimita 20: ots giram 250, wato kofi uku ba kaɗan, bota giram 125, jan sukari ko mazarƙwaila giram 75, zuma cokali 3 na cin abinci, ayaba 2 matsakaita, gishiri ɗan mitsitsi. Masu sayen botar Simas mai giram 250 sai su raba ta biyu, rabi ya isa, ko da yake bota ta gaske ta fi daɗi. Man shanu ma yana yi, amma ƙamshinsa na danne na ayabar, sai wanda yake son hakan.

A fara kunna obin a kan digiri 180 na ma'aunin salshiyos, ya yi zafi kafin a gama haɗi. A shafa wa faranti mai, a shimfiɗa takardar gashi, a bar bakinta ya ɗan fito waje domin a ji daɗin ɗaga gashin daga baya. A zuba bota da sukari da zuma a tukunya, a ɗora kan wuta kaɗan ana juyawa har su narke. Kada a bari su tafasa. In suka tafasa, sukarin ya kama hanyar zama alewa, gashin zai fito da taurin da haƙori zai sha wuya. A sauke, a dame ayabar da cokali mai yatsu har ta yi laushi, a zuba, sannan a juye ots da gishiri, a gauraya har kowace ƙwaya ta jiƙe.

Mai son ƙari yana da zaɓi: yankakken dabino, zabibi, soyayyar gyaɗa, riɗi, gurzajjiyar kwakwa, ko ɗan garin kirfa. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa, kuma in dabino ne sai a rage sukari.

Daga nan a juye a faranti a danne. Dannewar nan ba ado ba ce. A sa bayan cokali ko gindin kofi a matse shi sosai, har kusurwoyi, ya zama kaurinsa ɗaya ko'ina. Yawancin filafjak da ke wargajewa a nan aka yi masa sakaci. A gasa minti 20 zuwa 25, har gefe ya yi ja-ja, tsakiya kuwa da sauran laushi in an taɓa. Zuma na saurin yin duhu a wuta, don haka daga minti 18 a fara leƙawa.

Rashin obin ba ya hana yi. Yadda ake gasa kek a tukunya da yashi, haka shi ma: a zuba yashi mai tsafta a gindin babbar tukunya, a rufe ya yi zafi kamar minti 10, a ɗora farantin, a rufe, a rage wuta. In a kan gawayi ne, a sa 'yan garwashi a kan murfin domin sama ta samu zafi. Zai iya ɗaukar lokaci fiye da na obin, kuma ƙasansa ne ke fara ƙonewa, sai a riƙa kula da ƙamshin da ke fitowa.

Idan aka fitar da shi za a ga kamar bai gasu ba, a nan ne mutane da yawa ke mayar da shi wuta su ƙona abinsu. Laushin na zafi ne. Bota da sukari sai sun huce suke daskarewa su riƙe hatsin. A bar shi minti 10, a tsaga layuka da wuƙa tun yana da ɗumi, gunduwa 12 ko 16, sannan a ƙyale shi a cikin farantin har ya huce sarai kafin a ciro ko da guda. A lokacin zafi, sa shi a firij na awa ɗaya yana taimakawa ƙwarai.

Batun ajiya kuwa, a mazubi mai murfi yana yin kwana biyu zuwa uku, ba fiye ba, saboda ruwan ayabar. A watannin zafi da damina firij ne wurinsa, in ba haka ba fumfuna za ta riga ku. In an yi da yawa, a nannaɗe gunduwa-gunduwa a sa a firiza.

Saura maganar lafiya, wadda nake so a ji ta yadda take. Gaskiya ne ots na ɗauke da wani irin harza mai narkewa cikin ruwa, wanda ke taimakawa wajen rage kolestarol a jini, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a 1997 a rubuta hakan a jikin kayan ots. Yana kuma riƙe ciki, shi ya sa gunduwa ɗaya ke kai yaro har tashi daga makaranta, ko matafiyi har zango. Amma bota da sukari da zuma suna nan a ciki, kayan zaƙi ne ba magani ba. Mai ciwon sukari ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi abin ci na kullum, kuma zuma ba ta zama mafita gare shi ba, ita ma sukari ce. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi wanda aka yi da zuma, ko da an gasa, domin zafin gashi ba ya kashe ƙwayar cutar da ake tsoro a cikinta. In kuma kun sa gyaɗa, ku faɗa wa duk wanda za ku miƙa wa kafin ya kai baki, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta.