Rangwamen kyamara: Lissafin da ya kamata mai ɗaukar hoto ya yi kafin ya zuba miliyoyi

A ƙarshen kowace shekara manyan shagunan Amurka da Turai kan cika intanet da tallan rangwame, kuma kyamarori na cikin kayan da suka fi jan hankali. Za ka ga an zabge dala 200 ko 500 daga kuɗin kyamarar da ka daɗe kana mafarkin mallaka.

Ga mai ɗaukar hoton biki a Kano ko Kaduna, ko matashin da ke son shiga harkar ɗaukar fim, irin wannan talla na iya sa shi ya kwashe duk abin da ya tara, ko ma ya ci bashi. Sai dai kuɗin da ke rubuce a jikin talla kashi ɗaya ne kawai na abin da zai fita daga aljihunsa, kuma rangwamen ba lallai ne ya iso gare shi ba.

Me ya sa kyamarori suka yi tsada?

Babban dalili shi ne wayar hannu. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba.

Ƙananan kyamarorin da iyalai ke saya domin hoton suna ko na Sallah su ne wayar ta fara kora daga kasuwa. Da kamfanoni irin su Canon da Nikon da Sony suka ga haka, sai suka karkata ga ƙwararru da masu sha'awar da ke iya kashe kuɗi. Suna sayar da kaɗan, amma kowace ɗaya da tsada.

Farashin da aka fitar da wasu fitattun kyamarori a Amurka ya nuna yadda abin yake. Canon EOS 5D Mark II, wadda ta buɗe wa masu ƙananan finafinai ƙofa a 2008, ta fito a kan dala 2,699. EOS R5 ta fito a 2020 a kan dala 3,899, magajiyarta R5 Mark II kuma ta fito a 2024 a kan dala 4,299.

A ɓangaren Sony, A7 III ta fito a 2018 a kan kusan dala 2,000, A7 IV kuma a 2021 a kan kusan dala 2,500. Duk waɗannan kuɗin gangar jikin kyamarar ne kawai, babu gilashin da ake ɗaura mata a gaba.

Canjin dala ya fi rangwame ƙarfi

Mai saye a Najeriya yana da wata matsala da ta fi farashin kamfani girma. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi wa kanta daraja a watan Yunin 2023, ana canzar da dala a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura naira 1,500.

Kyamarar dala 2,500 a tsohon canjin hukuma ta kama kimanin naira miliyan 1.15. A canjin naira 1,500 kuwa ta koma miliyan 3.75, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba.

Idan aka yi rangwamen dala 200 a kan wannan kyamara, kashi 8 cikin 100 ke nan. Motsin canji na ƴan makonni zai iya cinye shi gaba ɗaya. Sannan akwai kuɗin dakon kaya, da na kwastam, da harajin VAT wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020.

Masu ɗaukar hoto a Maradi da Damagaram suna da ɗan sauƙi ta wannan fuska, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Mai saye daga Turai a can zai iya tsara kasafinsa ba tare da fargabar canji zai juya masa cikin dare ba.

Rangwame iri-iri ne

Akwai rangwamen da ake cirewa nan take a wurin biyan kuɗi. Shi ne aka fi gani a Amurka, musamman a lokacin Black Friday, wato Juma'ar da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba.

Akwai kuma wanda sai ka biya cikakken kuɗi, daga baya ka cike fom ka tura rasit da lambar kyamarar, kamfani ya mayar maka da wani kaso. Wannan ya fi yawa a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai. Yawanci sharaɗinsa shi ne a sayi kayan a wurin dilan da kamfani ya amince da shi a ƙasar, a tura buƙata kafin wa'adi ya cika, kuma mai sayen ya zama yana da adireshi da asusun banki a yankin.

Wanda ya aiki ɗan uwansa da ke Landan ya sayo masa, ya kamata su yi magana tun farko kan wanda zai nemi kuɗin da kuma asusun da za su shiga.

Nau'i na uku shi ne na musaya, inda za ka kawo tsohuwar kyamara a ƙara maka wani abu a kan ƙimarta. Na huɗu shi ne na haɗin kaya: a ba ka jaka da katin ajiya da ƙafar kyamara a ce kyauta ne. Sau da yawa irin waɗannan tarkacen masu arha ne, kuma ƙimar da ake rubuta musu ta fi ta gaskiya.

Akwai kuma batun haraji. Farashin da shagunan Amurka ke nunawa bai haɗa da harajin sayayya na jihohi ba, sai a wurin biya ake ƙara shi. Na Birtaniya ya haɗa da VAT na kashi 20 cikin 100, kuma tun Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi masu ziyara wannan haraji a filayen jiragen Ingila da Scotland da Wales. A Dubai harajin kashi 5 ne, kuma akwai tsarin mayar wa baƙi mafi yawansa.

Babban rangwame kan zama alamar cewa sabon samfuri na tafe, kamfani na son kwashe na ƙasa. Wannan ba aibi ba ne ga mai aiki da kyamarar, amma wanda ke da niyyar sake sayar da ita nan kusa ya sani darajarta za ta faɗi.

Garantin da bai ƙetare teku

Yawancin garantin kyamara na yanki ne. Wadda aka saya a Amurka, can ne kamfani ya yi alƙawarin gyara ta kyauta idan ta samu matsala daga masana'anta.

Haka kuma akwai kayan da ƴan kasuwa ke shigo da su ba ta hannun wakilin kamfani ba. Na asali ne, ba jabu ba, kuma sukan fi sauƙi, amma garantinsu na mai shago ne kawai. Kafin a biya kuɗi a Computer Village ta Ikeja ko a kowane shago, tambayar da ta kamata a yi ita ce: idan ta lalace a wata na uku, wa zai gyara, a ina, kuma kwana nawa za a yi? A nemi amsar a rubuce a jikin rasit.

Mai ɗaukar hoton da kyamararsa ta tsaya ana tsaka da kakar bukukuwa, asararsa ta wuce kuɗin gyara. Akwai ayyukan da ya karɓi kafin alƙalami, akwai kuma sunansa a wurin jama'a.

A gilashi kuɗin ke zama

Gangar jiki kan tsufa da wuri, domin duk bayan shekara uku zuwa huɗu sabuwa na fitowa. Gilashi mai kyau kuwa yakan yi shekara goma ko fiye yana aiki, kuma darajarsa ba ta faɗuwa da sauri.

Amma a nan ma tsada ba ita ce ma'auni ba. Gilashin Canon RF 50mm f/1.2 ya fito a kan dala 2,299, ƙaninsa f/1.8 kuma a kan dala 199. Na farko yana shigar da haske ninki biyu da ɗan wani abu, yana da ƙwari, yana kuma narkar da bayan hoto sosai. Sai dai kuɗinsa ya ninka na biyun fiye da sau goma sha ɗaya, kuma amaryar da za ta kalli hotonta a WhatsApp ko Instagram da wuya ta gane bambancin.

Akwai kuma gilasan wasu kamfanoni. Sony FE 24-70mm f/2.8 GM II ya fito a kan kusan dala 2,300, na Sigma mai irin wannan tsawo ya fito a 2019 a kan dala 1,099, Tamron 28-75mm f/2.8 kuma a 2018 a kan dala 799.

Wannan ya sa zaɓen kamfani ke da muhimmanci tun farko. Sony ta daɗe da bai wa wasu kamfanoni damar ƙera gilasan da ke shiga kyamarorinta. Canon ta riƙe tsarinta na RF, sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da gilasai masu lasisi, su ma na kyamarori masu ƙaramar sensa. Duk wanda ya sayi gangar jiki ya shiga gidan kamfanin ne, kuma farashin gilasan gidan zai bi shi shekaru.

Na hannu ba abin kunya ba ne

Komawar kamfanoni ga kyamarori marasa madubi ta sa tsofaffin masu madubi sun yi sauƙi. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya nuna cewa EOS-1D X Mark III ce za ta zama ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi. Ƙwararru da dama a Turai da Amurka sun sayar da nasu, kasuwar na hannu ta cika.

Canon 5D Mark IV da Nikon D750 har yanzu suna fitar da hoton da kowane abokin ciniki zai biya. Gilasan Canon EF, tsarin da aka fara tun 1987, suna aiki a kan sababbin kyamarorin kamfanin ta hanyar wani zoben haɗi da ya fito a kan dala 99.

Abin dubawa shi ne adadin hotunan da kyamarar ta ɗauka. Kamfanoni sun auna murfin da ke ƙiftawa a cikin 5D Mark IV da D750 a kan hoto 150,000. Ba lallai ta mutu da cika wannan adadi ba, amma wadda ta kusa kai shi bai kamata a saye ta a farashin wadda ta ɗauki 20,000 ba.

A haska gilashi da tocila a duba fumfuna da ƙura a ciki. A ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai tabo a sensa. A gwada ramukan katin ajiya duka biyun, domin kati na biyu ne ke ceton hotunan biki idan na farko ya lalace.

Lissafin da ya fi na mai talla

Kafin saye, a haɗa kuɗin komai: gangar jiki, gilashi, batir biyu ko uku, katunan ajiya, fitila, da kwamfutar da za ta iya ɗaukar nauyin hotunan. Kyamara mai megafiksel 45 tana cika kati da rumbun ajiya kusan ninki biyu na mai 24, kuma hoton bidiyon 4K bai wuce megafiksel 8.3 ba. EOS R5 ta shahara da bidiyon 8K, amma tana buƙatar katin CFexpress mai tsada, kuma lokacin fitowarta an yi ta ƙorafi kan zafin da take ɗauka, har kamfanin ya fitar da gyaran manhaja. Wanda zai yi aiki a ranar Afrilu ta Sakkwato dole ya kula da wannan.

Sannan a raba kuɗin da yawan aiki. A ce kaya sun ci naira miliyan 4, kuma bayan shekara uku za a iya sayar da su miliyan 2. Miliyan 2 ke nan suka narke. Idan an yi aiki 200 a wannan lokaci, kowane aiki ya ɗauki naira 10,000. Idan aiki 40 kawai aka samu, kowanne ya ɗauki naira 50,000.

Wanda lissafinsa ya faɗa rukuni na biyu, haya ta fi masa. Gilashin da ba a buƙatarsa sai sau uku ko huɗu a shekara, a karɓe shi haya, a saka kuɗin a cikin farashin aikin.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta kawo abokin ciniki da kanta. Rangwame na da amfani ne idan ya faɗo a kan kayan da tun farko ka tsara saye, kana da kuɗinsa a hannu, kuma ka san adadin bukukuwan da za su mayar maka da jarinka.