Kafin Ka Ɗaura wa A-kori-kura Tirela

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin duk mai motar ɗaukar kaya ɗaya ne: yadda zai kwashe kayan sawu biyu a sawu guda. A Zakirai da ƙauyukan ƙaramar hukumar Gabasawa lissafin ya fi zafi da kaka, sa'ad da buhunan gero da dawa da gyaɗa da wake ke jibge a ƙofar gida suna jiran motar da za ta bi da su ta Gezawa zuwa kasuwar Dawanau. Ana cikin haka sai ga bidiyo a waya, motar Amurka mai buɗaɗɗen baya tana jan ƙatuwar tirela, an kafa mata faranti a cikin bodi irin na manyan motoci. Sai mutum ya ce, to me zai hana ni ma in kai tawa wurin mai walda?

Tunanin ba na banza ba ne. Ita kanta tirelar da ke cika titunanmu daga maƙera ta fito. A 1914 wani maƙeri a birnin Detroit, August Fruehauf, ya ƙera wa wani mai sayar da katako abin da zai ja jirgin ruwansa da ƙaramar mota ƙirar Ford, kuma daga wannan aiki kamfaninsa na tirela ya tashi. Mota tana jan abin da ya fi wanda za ta iya ɗauka, wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce motar da ke cikin bidiyon ba irin tamu ba ce. Waɗancan su ne Ford F-350 da Ram 3500 da ire-irensu, waɗanda aka ƙera shasinsu da sifirin ɗinsu da birkinsu don wannan aiki, wasu ma tayoyi huɗu ne a bayansu. Namu kuwa Hilux ne, da tsofaffin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, motocin da ƙarfin ɗaukarsu bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba.

Hanya biyu ake haɗa tirela da ƙaramar mota. Ta farko ita ce ƙwallon ƙarfe da ake kafawa a baya can ƙasa, tirela ta kifa bakinta a kai. Ta biyu ita ce ta faranti: farantin ƙarfe mai tsaga a tsakiya yana zaune a cikin bodi, ita kuma tirela tana da ƙusa mai kaurin inci 2 a ƙarƙashin goshinta, ƙusar ta shige tsagar, haƙoran ƙarfe su rufe a kanta. Faranti ya fi ƙwallo natsuwa a kan titi, domin nauyin yana sauka ne a saman tayoyin baya, ba can ƙarshen mota ba inda yake ɗaga gaba ya sa sitiyari ya yi sakayau. Sai dai wannan natsuwa da kuɗinta: kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta a kan motar yake zama, alhali a haɗin ƙwallo kashi 10 zuwa 15 ne.

Mu ɗauki alƙalami. Mu ƙaddara an ƙera tirela mai nauyin kilo 800, aka loda mata buhu 30 na gero, kowane kilo 100. Jimilla kilo 3,800 ke nan. Tun a nan an zarce, domin Hilux mafi ƙarfi kilo 3,500 kamfanin Toyota ya yarda ta ja, wasu samfuran ma ba su kai haka ba. Kashi 20 na 3,800 shi ne kilo 760. Ƙara nauyin farantin da ƙarafansa, a ce kilo 90. Ƙara direba da yaran mota biyu, kilo 200. Ka ga an haura tan ɗaya, kuma ko jarkar ruwa ba a sa a cikin bodin ba, balle buhunan da mai kaya zai ce a ɗan cusa a gefe tunda akwai wuri. Duk wanda bai yi wannan lissafi da nauyin motarsa ba, wanda ke rubuce a ɗan allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko a littafin mota, bai kai ga maganar sayen faranti ba tukuna.

Masu sayarwa za su nuna maka lamba a jikin farantin, misali 16K. Ma'anarta shi ƙarfen zai jure fam 16,000, wato kimanin kilo 7,250. Shi ke nan abin da take nufi. Ba ta ƙara wa aksul ɗin motarka ko kilo ɗaya ba, ba ta ƙara wa taya ba. Haka nan tsohon farantin babbar tirela da ake samu wurin 'yan gwangwan, a guje shi. Nauyinsa kaɗai ya haura kilo 100, ya yi wa a-kori-kura tsawo, kuma ba a jefar da shi ba sai da haƙoransa suka cinye. Araha ba ta ado.

Inda na fi jin tsoro shi ne birki, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu gangara, shi ya sa direba yake ganin birkin mota ya isa. Amma ƙa'idar kamfanoni a fili take: tirelar da ba ta da birkin kanta kada ta wuce kilo 750, har da nauyin ita tirelar. Buhu bakwai da rabi ke nan in da tirelar ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin da ya wuce haka dole a sa masa birki a tayoyinsa, na lantarki da ake haɗawa da na mota ko makamancinsa. Titin da ya ratsa Zakirai ya shiga Jigawa ba dajin Allah yake bi ba. Gari ne bayan gari, gona a bakin kwalta, ga awaki, ga 'yan makaranta, ga mai babur da zai fito daga burtali bai duba ba. Idan direba ya take birki da tan uku a bayansa da babu abin da ke riƙe su, su ne za su tura motar. In an yi rashin sa'a tayoyin baya su zame, tirela ta naɗo ta haɗu da kan mota.

To, a ce lissafi ya yi, mota ta isa, an sami faranti na kirki. Saura kafawa.

Bodin a-kori-kura falle ne na ƙarfe, ba shi ke riƙe da mota ba. Duk farantin da aka ɗaure a jikin fallen bodi kaɗai, ranar da aka take birki da ƙarfi zai yage shi ya taho. Faranti yana zama ne a kan dogayen ƙarafa biyu, su kuma ana ratsa su da ƙusoshi masu noti zuwa wasu ƙarafa masu kauri da ke rungume da shasi ta ƙasa. Tsakiyar farantin ta zo daidai saman aksul ɗin baya, ko ta ɗan gusa gaba da inci ɗaya ko biyu. Kada ta koma baya ko kaɗan. Mai amalanken shanu ya san wannan tun yana yaro: in kaya suka taru bayan taya, karkiya sama take yi ta shaƙe shanun, in suka taru gaba ta danne musu wuya.

Sai maganar walda, wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Masu waldarmu gwanaye ne, da hannunsu ake ƙera garma da ƙofofi da amalanke a ƙasar nan. Amma shasin mota ba ƙofar gida ba ne. Zafin walda yana sauya ƙarfen, kuma a gefen ɗinkin ne tsagewa ke farawa, siririya kamar gashi, a ƙarƙashin ƙura inda ba mai gani. Za ka ji an ce, "Alhaji, wannan ɗinkin ko tirela ba ta tsinka shi." Wataƙila ɗinkin ba zai tsinke ba, abin da ke kusa da shi ne zai tsage bayan wata shida na ramuka. A yi amfani da hujojin da kamfani ya bari a jikin shasi. In dole sai an huda, a huda gefe, kada a taɓa leɓen sama ko na ƙasa, domin su ke ɗauke da nauyi. Kafin a sa injin huji a bodi kuma, wani ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila ya ga inda tankin mai da bututun birki da wayoyin wuta suka bi. Ƙusoshin ma a duba kawunansu: na aiki irin wannan akwai lamba 8.8 ko 10.9 a kai. Wanda kansa ke sumul ba lamba, na ɗaurin gado ne.

Akwai abin da masu Hilux mai ƙofa huɗu ya kamata su sani. Bodinta gajere ne, mita ɗaya da rabi, aksul ɗin kuma yana kusa da bayan kan motar. Idan aka sha kwana sosai, ko ana ribas a shiga lungu, goshin tirela zai iya fasa gilashin baya inda mutane ke zaune. Akwai farantin da ke zamewa baya lokacin kwana, an yi shi don wannan, amma ya fi tsada ya fi nauyi. Mai ƙofa biyu ta fi dacewa. Sannan a bar tazarar inci 6 tsakanin saman bangon bodi da cikin tirela, in ba haka ba ranar da aka sauka daga kwalta aka shiga hanyar gona, za su daki juna.

Haɗawa ma da ladabinta. Ƙusa takan hau saman haƙora ba ta shiga ba, direba ya ji ƙara ya ɗauka ta kulle. Kada a yarda da kunne. A sauko a leƙa, a ga haƙoran sun rufe a wuyan ƙusar, babu haske tsakanin farantin da cikin tirela, hannun makullin ya koma mazauninsa an sa masa fil. Sannan a sa wa tayoyin tirela waigi, a ɗaga ƙafafunta kaɗan daga ƙasa, a ja motar a hankali. In za ta zare, gara ta zare a nan ta faɗa kan ƙafafunta. A riƙa shafa wa farantin giris, a kuma riƙa goge tsohon, domin giris da rairayin ƙasar nan in suka gauraya cin ƙarfe suke yi. Mai haɗin ƙwallo kuma kada ya tashi ba sarƙa biyu da aka gitta a ƙarƙashin haɗin. Igiya ba ta maye gurbinsu, rodi da aka lanƙwasa aka zura a rami ma ba ƙusa ba ce.

Masu tarakta, ku ma abin ya shafe ku, tunda da kaka ku ne ke jan mafi yawan tirelolin ƙauye. A ɗaura tirela a sandar ja ta ƙasa da aka yi don haka. Idan aka ɗaura sama da aksul, tirela ta kafe a rairayi, direba ya ba da wuta, gaban tarakta ne zai tashi ta kife ta baya, kuma cikin kusan daƙiƙa ɗaya ake gamawa.

Fitilun baya da na sigina da jan ƙyalle mai ƙyalli wajibi ne, musamman ga masu dawowa daga kasuwa bayan magariba. Kafin a taɓa shasi a je ofishin jami'an duba lafiyar motoci a ji abin da doka ta ce, kada a gama kashe kuɗi a haɗu da su ko jami'an kiyaye haɗurra a hanya. Mutane kuma kada su hau tirela, ko da mai kayan ne yake son zama a kan buhunansa.

Ra'ayina, ga manomin da amfaninsa na shekara bai wuce buhu arba'in ko hamsin ba, wannan aiki duka bai biya ba. Manoma uku ko huɗu su haɗu su ɗauki shatar babbar mota, ya fi sauƙi. Wanda kuma sana'arsa ce jigila, ya ga zai iya, to ya fara gwada tirelar ba kaya a filin da ba mutane, ya koyi kwana da ribas da tsayawa. Sawun farko ya ɗauki rabin lodi, da ya dawo ya shiga ƙarƙashin motar da sifana ya sake bin notocin ɗaya bayan ɗaya, domin sabon ɗauri yakan saki.