Tayar da Aka Rage wa Iska da Rana Tsaka

A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai digiri 40, je ka zauna wurin wani mai faci a bakin titin GRA da misalin ƙarfe biyu. Ba za ka daɗe ba direba zai faka, ya fito yana sharce gumi: "Malam, duba min ƙafafun nan." Mai faci ya kafa geji a bawul, allura ta tsaya a 38. "Oga, ta yi yawa, a rage?" "Rage mana, Bauchi zan tafi." Sai ka ji fiiis.

Da asuba tayar nan 32 take, kuma ba wanda ya ƙara mata ko ɗis. Zafi ne ya yi aikinsa.

Iska tarin ƙwayoyi ce da ido ba ya gani, kullum suna kai-kawo suna dukan bangon abin da aka kulle su a ciki. Wannan dukan shi ne matsi. Ka rage musu wuri, dukan ya yawaita. Toshe bakin famfon keke da yatsa ka danna, hannunka zai gaya maka. Robert Boyle ya auna wannan a Ingila, ya wallafa a 1662: in zafi bai canja ba, iskar da aka matse ta koma rabin wurinta matsinta kan ninka. Ka ƙara musu zafi kuwa, gudunsu ya ƙaru. Inda akwai sarari sai iskar ta kumbura kamar balan-balan, abin da Jacques Charles ya lura da shi a Faransa wajen 1787, Gay-Lussac ya wallafa a 1802. Taya ba ta da wannan sararin, don haka matsin ne ke hawa.

Masana kan fara ƙirga zafin daga digiri 273 ƙasa da sifili. Iskar taya mai digiri 20 da safe 293 ke nan. Bayan gudu a kan kwalta mai ƙuna ta kai 60, wato 333. Ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari, shi ya ɗaga allura daga 32 zuwa 38. Masu ƙera taya sun san da wannan, sun kuma bar masa gurbi.

Direbanmu fa? In mai faci ya mayar da ita 32, gobe da safe tayarsa za ta wayi gari a wajen 26. Taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take yi a kowane juyi, gefenta ya ɗau zafi, zarenta ya gaji, ita ce ma ta fi saurin fashewa. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Lambar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba a yawancin motoci, kuma ta taya mai sanyi ce. A auna da safe, kafin mota ta yi nisa.