Ruwan da ke cin gini da damina shi ake nema da rani

Iyalai da yawa da suka samu wurin zama a Gumbihini da sauran unguwannin Tamale suna tambaya ko su yi ɗaki da ƙasa, ko su jira sai sun tara kuɗin bulo da siminti. Ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne. Kayan aikinsa suna kusa, ga araha, kuma katanga mai kauri tana tare zafin watan Maris da Afrilu, da sanyin hunturu. Masallacin Larabanga da ƙasa aka gina shi, ya yi ɗaruruwan shekaru yana tsaye saboda ana kula da shi. Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa.

A shekarar 2007 ambaliya ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a arewacin Ghana. Irin wannan gini yakan faɗi ne idan ruwa ya kwanta a gindin katanga, ya jiƙa ta daga ƙasa. Don haka ku kiyaye abu huɗu:

1. Kafin ku sa hannu, ku nemi izinin mai fili, ku tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi da damina. Kada ku gina a kwari ko bakin magudana.
2. Ku yi harsashi da dutse ko marmara, ya ɗaga sama da ƙasa kamar kamu biyu.
3. Bakin rufi ya zarce katanga sosai, don kada ruwa ya riƙa dukanta.
4. Ku sabunta yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko. Makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, tana ƙara masa ƙarfi.

Ruwan da kuka kare katanga daga gare shi kuwa kada ku bar shi ya tafi a banza. Tamale tana samun ruwan famfo daga matatar Dalun da ke kan kogin Farin Volta, amma bai wadatar da gari, musamman da rani. Ga lissafin: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi yana ba da lita 1. Rufin kwano mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 zai cika duro mai lita 200 da ruwan milimita 10 kacal. A Tamale kuwa ana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, galibi daga Mayu zuwa Oktoba.

Ku kafa indararo ya zuba cikin duro, tanki ko randa. Ku bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan ku tara. Ku rufe mazubin ruf, saboda sauro da kuma ƙananan yara. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsaftace ruwa. Na wanki da alwala a zuba wa zogale ko kuɓewa, nesa da katanga.

Wanda ya san aikin gini a cikinku ya koya wa matasa. A fara yin tubali tun da rani, ya bushe sarai kafin hadari ya haɗo.