Da wace tiya ake auna daɗin zaman aure?

Ɗan kasuwa yana da tiyar awon hatsi, ma'aikaci yana da makin da shugabansa ke ba shi a ƙarshen shekara. Masana halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka su ma sun daɗe suna neman ma'aunin da zai nuna ko miji da mata suna jin daɗin zamansu.

A shekara ta 1959, Locke da Wallace suka fito da tambayoyi 15. A 1976 Graham Spanier ya kawo nasa guda 32, waɗanda suka shafi kuɗin gida, surukai, yawan faɗa, har da sumbata. Nan gardama ta taso. Wasu masana suka ce an cakuɗa abin da ake aikatawa da abin da zuciya ke ji, alhali gidan da ba a jin hayaniya ba lalle ne gidan farin ciki ba. Don haka a 1983 Robert Norton ya tsaya kan tambayoyi 6 da ke neman hukuncin mutum kan aurensa ɗungurungum. A 1988 Susan Hendrick ta tsara guda 7, kowace amsa daga maki 1 zuwa 5, waɗanda ko masoyan da ba su yi aure ba za su iya amsawa.

Wani babban bincike ya fito a 2020. Samantha Joel da Paul Eastwick suka haɗa sakamakon bincike 43, na masoya da ma'aurata fiye da 11,000, suka zuba a kwamfuta. Abin da ya fi nuna gamsuwar mutum shi ne yadda yake ganin abokin zamansa ya riƙe shi da gaske, da kuma yadda shi kansa yake yaba masa. Amsoshin ɗaya ɓangaren ba su ƙara haske sosai ba. Abin da ya kamata mai gaugawar saki ya lura: makin yau bai iya faɗin ko zaman zai gyaru ko zai lalace nan gaba.

Kuma duk waɗannan tambayoyi an tsara su ne don gidan mutum biyu. A Nijar, binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna fiye da kashi ɗaya bisa uku na matan aure suna da kishiya, ga shi babu layin rabon kwana a takardar Spanier. Sannan matar Maradi ko Damagaram da baƙo ya tambaya sirrin ɗakinta, kunya za ta sa ta ce lafiya lau, shi kuwa ya rubuta mata maki 5.