Ɗalibin 'Yankuzo Tsakanin Koyon Aiki Da Shaƙatawa

Masu iya magana kan ce taura biyu ba ta taunuwa. Da irin wannan zance ne iyaye da yawa ke sallamar 'ya'yansu ranar da za su tafi makarantar gaba da sakandare, wato a je a yi karatu, ban da wasa. Nasiha ce mai kyau, sai dai tana buƙatar gyara.

Mai karatu, mu ɗauki yaron da ya taso a 'Yankuzo, cikin ƙaramar hukumar Tsafe ta Jihar Zamfara. Kafin ya shiga Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Tsafe, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, sai mahaifinsa ya fitar da buhunan dawa daga rumbu, wata sa'a mahaifiyarsa ta sayar da ragon da take kiwo. Abin da ƙauyen ke jira ya dawo da shi ya wuce takardar shaida. Ana jiran wanda zai iya auna jinin mai juna biyu, ya wanke ciwo ya ɗaure, ko ya tsaya gaban aji yara su fahimce shi.

To, a nan gizo ke saƙar. Ɗalibanmu sun kasu gida biyu. Akwai wanda nauyin gida ya tsorata shi, ya kulle kansa a ɗaki yana haddace takardun darasi dare da rana, ba aboki, ba motsa jiki. Yakan ci jarrabawa, amma ranar da aka miƙa masa allura sai hannu ya kama rawa. Akwai kuma wanda hasken birni ya ɗauke wa ido, ya tare a gidan kallon ƙwallo, wayarsa ta zama gidan caca, kuɗin abincin wata guda su ƙare cikin mako. Dukkansu biyun sun yi asara, domin babu wanda ya koyi aiki a cikinsu.

Gwamnati ta daɗe da gane cewa karatun aji kaɗai ba ya isa. Shi ya sa Hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, inda ake tura ɗalibin kwalejin fasaha ma'aikata ya yi wata 4, na jami'a kuma wata 6, ya ga yadda ake aiki da hannu. Haka ɗaliban kwalejojin ilimi ke fita koyarwar gwaji, na lafiya su shiga asibitoci. Abin takaici, wasu sun mayar da wannan dama hutu. Sai su cike littafin rahoto a ɗaki, su nemi mai buga masu hatimi. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, sannan ya cuci mutanen garinsu da za su miƙa masa rayukansu gobe.

Amma kada a ɗauka maganin wannan shi ne hana shaƙatawa. Kakanninmu, da suka fi mu juriya, ba su yi haka ba. Ƙasar Tsafe ce ke da 'Yandoto, garin da ya yi suna wajen tara malamai tun kafin jihadi, kuma har gobe makarantun allo na hutawa ranakun Alhamis da Juma'a. Manomi ma in ya kai amfanin gona gida, sai a buɗe fagen dambe da kokawa, samari su yi langa, 'yan mata su yi gaɗa, dattawa su zauna dara. Su ma jami'o'in Nijeriya sun fara gasar wasanninsu ta NUGA tun 1966 a Ibadan, saboda sun san ƙwaƙwalwar da ba ta hutawa dushewa take yi.

Ke nan abin dubawa shi ne irin hutun. Ɗalibi ya tambayi kansa: wannan nishaɗi ya ci lokacin darasi ko na zuwa ɗakin gwaji? Ya taɓa kuɗin da Baba ya aiko? In na tashi daga gare shi, ƙarfi nake ji ko kasala? Ƙwallon la'asar, wasan kwaikwayo a ƙungiyar Hausa, muhawara, ko sauraren Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru bayan an rufe littafi, duk suna mayar da mutum ga karatu da sabon kuzari. Wasunsu ma koyo ne a fakaice, domin wanda ya saba magana a dandalin muhawara ba ya daburcewa gaban aji. Caca da shaye-shaye kuwa, sunan hutu kawai suka ara.

Akwai wani nauyi da ya rataya a wuyan hukumomi. Tun bayan sace ɗaliban Jami'ar Gusau a gidajen kwanansu da ke Sabon Gida cikin Satumban 2023, iyaye ba sa samun natsuwa in yaro ya yi nisa da makaranta. Hawan Dutsen Kwatarkwashi don shan iska, ko leƙawa gida a ƙarshen mako, sun zama abin da sai an yi dogon tunani. In an bar matashi ba fili, ba wasa, wayar hannu ce za ta raine shi. Don haka ya wajaba a samar da filayen wasa da ɗakunan kwana masu tsaro a cikin makarantu, tare da kayan aiki a ɗakunan gwaji.

Kai kuma ɗalibi, ka tuna da ragon da aka sayar dominka. Ka ba safiya aikinta, ka ba la'asar nata, ka koma 'Yankuzo da sana'a a hannu da lafiya a jiki. Allah Ya sa mu dace, amin.